Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya ci amanata a gadon asibiti ba, kuma a gaban jama'a.

Ni mai tuwo ce a Kasuwar Shanu, ina kuma fama da ciwon suga. Ranar kasuwa ce. Na sha maganina da safe, na ce in na sallami direbobin tirela sai in karya. Mai sayar da abinci fa, wai ita ce ta manta da cin abinci. Kafin azahar zufa ta rufe ni. Yagana, maƙwabciyata mai kunu, ta ce ta ga na zuba wa wani dillali miya a buta ina ce masa a ci lafiya. Daga nan ban ƙara sanin inda kaina yake ba. Sauran labarin a bakin Yagana na ji, kuma ba ta rage min komai ba.

Ɗan farina ne ya ɗauke ni a napep sai asibiti, Yagana ta biyo mu. To ni tun da na haifi yaron nan ban taɓa kiran sunansa ba, haka na taso na ga uwata na yi da yayanmu. “Wancan” nake ce masa, in ta kama dole in ce “kai”. Ga shi har ya ajiye gemu da 'ya'ya, bai taɓa jin na yabe shi ba. (Kada ma ku sa rai zan rubuta sunan a nan.)

A ɗakin taimakon gaggawa aka soki yatsana, aka ga suga ya yi ƙasa sosai, aka sa min ruwa. Likitan matashi ne ɗan kudu mai bautar ƙasa, Hausarsa kaɗan-kaɗan. Ya tambaye ni ina nake, na ce Gadaka, gidan kakata. Ya nuna yaron ya ce wane ne wannan.

Wai sai na rangaɗa sunan, har na gadon ƙarshe ya ji. Na kama gemunsa, na shaida wa 'yan jinya cewa duk cikin 'ya'yana babu wanda nake so kamarsa, kuma naman da nake tura masa kullum ina cewa saura ne, tun da safe nake ware masa shi.

Da ruwan ya shiga jikina hankalina ya dawo, likita ya sake tambaya. Ina nake? Asibiti, Potiskum. Wace rana? Ranar kasuwa. Ya nuna yaron. Na juya fuska bango na ce wani ne.

Nan fuskar likita ta canja. Ya ce ɗazu na gane ɗana, yanzu ban gane shi ba, sai dai a wuce da ni Damaturu a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, amma a raina na ce gara Damaturun.

Yagana ta share hawayen dariya ta ce, “Likita, ai yanzu ne ta warke.”

Wata nas 'yar gari ta yi masa bayani da Turanci. Ya daɗe yana kallona, sannan da yamma ya sallame ni, da gargaɗin kada in ƙara shan magani ban ci komai ba.

Yaron ne ya mai da ni gida. Sai a ƙofar gida, yana kallon ƙasa, ya ce, “Inna, ashe naman nan ba saura ba ne.”

Na ce ciwo ne ya yi magana. Ya ce to, Allah ya ƙara sauƙi, yana murmushi har kunne.

Yanzu ko gobara ake, sai na karya nake shan magani, ga dabino kullum a bakin zanena. Yagana na yabona wai ina bin dokar likita. Ba ta san akwai sauran maganganu a cikina da ban faɗa ba.