Almakashi a Hannun Darakta

A duk layinmu, har da layin baya inda ake gyaran babura, babu wanda ya kai Darakta sanin ado. Shi da kansa ya tabbatar da haka, ya kuma sa aka rubuta a allon shagonsa da ruwan zinariya: CIBIYAR ƘAWA DA KAYAN AIKIN HANNU. A ƙasa, da haruffan da suka ɗan fi na sama girma: DARAKTA-JANAR. Cibiyar taku shida ce a tsaye, huɗu a kwance. Na auna. Ma'aikatanta, idan an haɗa da Darakta, mutum biyu ne. Ɗayar 'yata ce, Auta. Darakta kuwa yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa yabo ne.

Maƙwabta suna kiransa Yatsa Ɗaya. Hassada ce kawai. Gaskiya ne ba a taɓa ganin gam a farcensa ba, ba a taɓa ganin ƙafarsa a kan tsani ba, kuma tef ɗin awon da ke rataye a wuyansa ya shekara huɗu lambobinsa ba su koɗe ba. Amma ya sha bayyana dalili. "Aikin hannu na ma'aikata ne," in ji shi. "Ni ido nake sayarwa." Idon kuwa yana aiki ne ta yatsa: ya nuna sama, ya nuna ƙasa, sai ka ga zaure ya ƙawatu. Abin da ke faruwa tsakanin nunin da ƙawar bai shafi shugabanci ba.

Zan ba da labarin wata Talata a ƙarshen shekarar karatu, lokacin da kowace makaranta ke neman a gyara mata zauren taro don raba kyaututtuka. Ita ce rana ta ƙarshe da komai ya tafi yadda ya saba. Abin da ban gani da idona ba, Auta ce ta ba ni labarinsa da yamma.

Ƙarfe bakwai Auta ta fita da gwangwanin biskit ɗin da take zuba kayan aikinta. A ciki akwai bindigar gam, siririyar waya, filaya, reza, salatif, fil a cikin kwalbar magani, da almakashi mai jar mariƙa. Almakashin ni na saya mata tana da shekara tara. Auta bahaguwa ce, almakashin kowa da kowa yana fasa mata babban yatsa, sai da na zaga shaguna biyar kafin na samu irin nata. Na bahago bakinsa a juye yake. A hannun hagu yana tafiya kamar a ruwa. A hannun dama kuwa bakin buɗewa yake yi, ya naɗe ƙyalle ya tauna, ba ya yankawa. Shekara goma sha bakwai ba ta canja shi ba, wasawa kawai take kai shi.

Ƙarfe takwas ta buɗe cibiyar, ta share, ta jera ribon launi-launi, siraran ƙyallayen nan na ado, ta hura balan-balan biyar na talla.

Tara da rabi Darakta ya iso. Ya tsaya a ƙofa, hannu a baya, ya lumshe ido ɗaya. Ya matsar da naɗin ribon guda ɗaya da faɗin yatsa, ya ja da baya. "Yanzu shagon ya yi numfashi," ya ce.

Sha ɗaya wata mata ta shigo neman gam da za ta manna duwatsun ado a jikin gilashi. Ta yi sa'a, Darakta yana nan. Ya yi mata bayani na minti ashirin a kan tarihin gam, da halayensa, da yadda ƙasashen da suka ci gaba ke girmama shi, sannan ya miƙa mata gam ɗin takarda. Auta ta karɓa don ta saka a leda, ta sauya shi da wanda ya dace. Matar ta fita tana sa wa Darakta albarka.

Daga sha biyu zuwa biyu Auta ta yanka furannin takarda ɗari da tamanin, ta ɗaure kowanne da waya. Darakta yana kan kujera yana nazari. Nazarinsa yakan zo da minshari.

Ƙarfe uku suka zo makarantar da nake koyar da lissafi, don zaurenmu ne a layi. Daga nan ni ganau ce. Auta tana saman tsani, waya a baki, fure a hannu. Darakta yana ƙasa tare da shugabar makaranta, yatsa a sama. Shugaba ta ce ba ta taɓa ganin fure irin wannan ba. Darakta ya sunkuyar da kai irin na mai tawali'u.

"Horo ne, ranki ya daɗe. Yarinyar nan da na ɗauke ta ba ta san bambancin almakashi da cokali ba. Ni na kama hannunta na dama, haka, na ce bi nan, juya nan. Yanzu ga shi. Duk furen da kika gani a bangon nan, hannuna ne a cikin hannunta."

Ina tsaye taku uku daga gare shi.

"Kawu," Auta ta ce daga sama, "wannan a matsa shi dama ko hagu?"

"Dama. Kullum dama."

Ta matsa shi hagu.

"Yawwa," in ji Darakta. "Kin gani ko?"

Ƙarfe shida ta dawo gida da ƙyalƙyali a gira. Ta ci abinci a tsaye, tana kwaikwayon jawabin gam da cokali a wuya a madadin tef. Na ce, "Wai ke ba za ki taɓa gaya masa ba?" Ta ce, "Haba Mama, bar min Kawuna. Idan ya gane, wa zai riƙa ba ni dariya a wurin aiki?" Ta zauna a tabarma ta fara wasu furanni goma sha biyu da suka rage na bakin ƙofar zauren. Ta yanka su, ba ta ɗaure ba. Ta ce da safe.

Laraba da safe ta faɗi a bakin famfo, ba ta sake tashi ba. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kanta. Shekararta ashirin da shida.

Darakta ya yi kuka, ban ce bai ji zafi ba. Ya dai yi kukan a babbar kujerar falona, inda masu gaisuwa za su fara da shi. Ga kowane mai shigowa yana cewa, "Na yi rashin hannuna na dama." Mutane suna ba shi haƙuri, idan sun gama, waɗanda suka tuna sai su juyo wurina.

Bayan mako uku ya dawo da shiri. Zai buɗe wani ɓangare a cibiyar, ya sa masa suna Kusurwar Tunawa da Ɗalibar Darakta. Ya riga ya sa kafinta ya yi akwatin gilashi mai kwaɗo. A ciki za a shimfiɗa jan karammiski, a ɗora almakashin Auta, a jingina kati: DA WANNAN DARAKTA YA KOYA MATA. Ya zo karɓar almakashin.

Na ce ya ɗauki bindigar gam, ya ɗauki filaya, ya ɗauki gwangwanin gaba ɗaya. Almakashin dai ya bar min. Mariƙarsa ta lotsa daidai yatsunta, kuma shi kaɗai ne abin da idan na taɓa nake jin girman hannunta.

"Ke matsalarki kenan tun muna yara," ya ce. "Ba ki da hangen nesa. A durowarki wa zai gan shi? A wurina tarihi zai zama. Ko kin fi ni sanin darajar kayan aiki ne?"

'Yan uwa suka sa baki. Babba ne. Karramawa yake nufi. A yi haƙuri a ba shi.

Na ce, "Yaya, almakashin nan ba zai yi maka ba."

Ya yi dariya har tef ɗin wuyansa yana rawa. "Ni? Akwai almakashin da aka ƙera a duniya da zai gagare ni? Da shi ma zan yanka ribon ranar buɗewa."

Na faɗa masa sau ɗaya. Ban maimaita ba. Na naɗe almakashin a hankici na miƙa.

Ranar buɗewar an jera kujeru ashirin a bakin shagon, sun toshe hanyar masu babura. Shugabannin makarantu uku sun zo, da mai hoto, da telar da ke shagon kusa, wadda suka shekara huɗu suna aron zare ita da Auta. Adon wurin Darakta ne ya yi da kansa, karo na farko a tarihin cibiyar. Balan-balan uku sun riga sun saki iska. Furannin takardar sun yi kama da abin da aka ƙwato daga bakin akuya. Yatsan nan mai daraja yana naɗe da bandeji, don ashe bakin bindigar gam yana da zafi, kuma babu wanda ya sanar da shugabanci. A ƙofar an ɗaura ribon mai santsi, mafi faɗi da tsada a shagon.

Jawabin ya ɗauki minti talatin da biyar. An ambaci Auta sau huɗu, an ambaci Darakta sau ashirin da ɗaya. Daga ƙarshe ya zaro almakashin daga hankici ya ɗaga sama don mai hoto.

"Jama'a, wannan ƙarfen ya san hannuna kafin ya san nata. Yau zai dawo gida."

Ya zura yatsunsa na dama, da ƙyar suka shiga. Ya kama ribon, ya dubi mai hoto, ya datsa.

Ribon ya lanƙwashe ya shige tsakanin bakin almakashin, ya fito lafiya lau.

Ya sake. Ribon ya sake naɗewa. Ya ce wa shugabar makarantarmu ta ja gefe ɗaya, wata ta ja ɗayan. Ya datsa na uku, na huɗu. Wani daga cikin masu gyaran babura ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Darakta!" Gumi ya fara ɗiga a kan tef ɗin awo. A na shida ya sa hannu biyu. A na bakwai ya cije leɓe ya murɗa, ribon ya yamutse kamar an tauna shi, amma ko zare ɗaya bai rabu ba. Mai hoto, mutum mai riƙon amana, bai bar ko ɗaya ya wuce shi ba.

Tela ce ta yi magana, a hankali, don ta taimaka.

"Darakta, ai na bahago ne. Auta bahaguwa ce."

Darakta ya dubi almakashin, ya dubi tela, sannan ya dube ni.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Tun tana wata bakwai, Yaya. Da hannun hagu ta fara karɓar cokali."

Na ga fuskarsa ta yi wani abu da ban taɓa gani ba tun muna yara. Na ƙirga daƙiƙa huɗu. A ta biyar Darakta ya dawo.

"Na sani mana," ya ce wa jama'a. "Wa ya gano baiwar in ba ni ba? Gwada ku nake, in ga wa ke lura. Ban da haka ma ƙarfen ya dakushe, ba a kula da shi ba." Ya miƙo min almakashin ta wajen kaifinsa, ko kallona bai yi ba. "Ungo, riƙe wannan. Bai dace da gilashi ba."

Na karɓa. Tela ta ciro reza daga jakarta ta raba ribon, aka yi tafi, aka sha lemo.

Ga yadda aka yi da kayan Auta. Tufafinta na raba wa 'ya'yan ƙannena. Littattafanta suna ɗakin karatun makarantarmu. Bindigar gam da filaya da waya na kai ajin zane, inda akwai yara masu so. Fil da kwalbarsa tela ta roƙa, na ba ta. Furannin nan goma sha biyu na ɗaure su da kaina, sun ɗauke ni kwana biyu, suna saman ƙofar ɗakinta, biyu sun karkace.

Guntun ribon da aka tauna na tsince shi daga ƙasa ranar. Da na isa gida na sa almakashin a hannuna na hagu, wanda ban taɓa yanka komai da shi ba, na gwada. Sau ɗaya ya raba shi, ko ƙara bai yi ba. Na mayar da shi cikin gwangwanin biskit, gwangwanin yana durowata, inda ba mai ganinsa.

Akwatin gilashin kuwa bai zauna wofi ba. Washegari Darakta ya ciro sabon almakashi daga kantar shagon, na hannun dama, mai ruwan zinariya, ya kwantar da shi a kan karammiskin, ya jingina katin, ya datse kwaɗo. Yana nan har yau, duk mai sayen salatif zai iya gani. Ni dai ban ga abin zargi ba. Almakashin bai taɓa yanka komai ba, saboda haka ya yi daidai da hannun mai shi.