Ranar da Kyamarata Ta Tona Mini Asiri

Shekarar da na sayi kwamfuta, ba mai ɗaukar bidiyon da nake gaisarwa da hannu biyu a Jega. Su in sun juye kaset sai su matse hoton don ya shiga faifai, fuskoki su dagule kamar kunu. Ni kuwa na rantse nawa zai fito garau.

Wani Alhaji mai albasa a Aliero ya kira ni walimar sunan jikansa. Na juye kaset ɗin, ban rage ko ƙwayar hoto ba. Tsabar yarda da kaina, ban ma tsaya kallonsa ba na kai masa.

Aka kunna bidiyon, zaure ya cika, ana ta yabo. Har zaren hular liman ana gani. Ashe da na kafa kyamara na tafi cin abinci ban kashe ta ba. Sai ga ni ina zuba balangu a aljihu, ina waige-waige, maiƙo na tsattsafowa ta shaddata.

Alhaji ya ce, “Malam, wanga ba kai na ba?”

Da hoton ya dagule da na musa.

Tun daga ranar nan aiki ya buɗe mini har Maiyama, kowa hotona yake so. Amma duk gidan da na shiga, kafin a ba ni tabarma, leda ake fara miƙo mini.