Tsiren da Na Kushe a Hanyar Maigatari

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da aka ɗora ni a kujerar alƙali saboda faranti ɗaya na tsire, ni kuma na hau na miƙe ƙafa.

Ni 'yar mahauta ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya tsufa yana gashi a kasuwar Maigatari, shi da ƙaninsa Baffa Ilu, tukubarsu ɗaya, wato tudun tokar nan da ake kafa tsinken tsire a kewayensa. (Bari in tona wa kaina asiri: duk zaman da na yi a jami'a a Kano, in aka tambaye ni sana'ar Baba sai in ce harkar dabbobi yake yi. Ban tuna cewa ni 'yar mai tsire ce ba sai ranar da abin zai jawo mini girma.)

Alhaji Sabo, mijin ƙawata Hafsatu, ya buɗe wurin gashi na zamani a bayan garin Gumel, kan hanyar Maigatari, inda sababbin gidaje ke ta tsirowa. Gilasai, fanka, kujeru masu laushi, har da ɓangaren iyali. Amma ciniki ya ƙi. Sai Hafsatu ta kira ni.

"Ƙawata, ki zo ki ɗanɗana mana. Alhaji ya ce bakin 'yar gado yake so. In kika ce mai gashin bai iya ba, sallamarsa zai yi ya ɗauko wani daga Kano."

Na ji maganar sarai. Na ji cewa abincin wani bawan Allah yana rataye a harshena. Amma abin da ya zauna mini a kunne shi ne "'yar gado". Har mayafina na zuwa biki na ɗauko.

Bayan la'asar na sauka daga adaidaita. Aka zaunar da ni, Alhaji a gabana, Hafsatu a gefe. Aka kawo tsire a farin faranti, da cokali mai yatsu, da tumatir an yanka shi kamar fure. Na ɗauki yanka ɗaya, na lumshe ido yadda na ga ana yi a talabijin, na tauna a hankali.

Tsakani da Allah, naman ba shi da laifin a zo a gani. Shiru kawai ya yi a bakina. Babu hayaƙi, babu wannan ɗan ɗacin ƙuna da ke gefen kitse. Sai kewar Baba ta taso mini. Mai hankali da ta ce ta yi kewar mahaifinta ta yi shiru. Ni kuwa sai na buɗe aji.

Na ce tsiren gaskiya ba a ɗora shi a kan wuta, a gefenta ake kafa shi, zafin ya riƙa zuwa masa sannu-sannu kamar baƙo mai kunya. Na ce itacen kirya ake so. Na ce naman yankan safe, ba wanda ya kwana a firji har ya manta daga jikin wa ya fito ba. Na ce ƙuli sau biyu ne, kafin wuta da bayanta, a shafa man gyaɗa a tsakani, sannan a naɗe a takarda ta sha mai har ka hango yatsanka ta cikinta.

"Wannan nama bai ga wuta ba, Alhaji, gas ya gani," na ce. "Nama ne marar tarihi."

(Eh, haka na ce. Marar tarihi. Har yau in na tuna sai na rufe fuska, ko ni kaɗai ce a ɗaki.)

Alhaji yana ta gyaɗa kai, wannan ya ƙara mini ƙarfi. Na ɗaga murya yadda teburin kusa zai ji: "Wanda ya gasa wannan, a tukubar Babana ko wuƙa ba za a ba shi ya wanke ba."

"A kira mini mai gashi," in ji Alhaji. "Gara ya ji da kunnensa."

Ƙofar baya ta buɗe. Farar riga na fara gani, da wata doguwar hular takarda. Sannan na ga tafiyar, ana ɗan jan ƙafar hagu. Tafiyar da na sani tun ban san kaina ba.

Baffa Ilu ne. Mutumin da duk ranar kasuwa yake ajiye mini yankan hanta na farko. Da sallar da ta wuce ya zo gaida Inna, mahaifiyata, ya ce tukuba tana nan lafiya, sai godiya. Babu wanda ya sani a gidanmu cewa tun lokacin da aka rufe boda, direbobi suka ɗauke ƙafa, wutarsa ta mutu.

Ya tsaya. Ya cire hular ya riƙe a hannu.

"Uwata, ke ce?" (Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa.)

Na zamo daga kujera na durƙusa. "Baffa, ina wuni." Cokalin yana hannuna, da nama a bakinsa.

Alhaji ya dubi Hafsatu, ita kuma ta dubi fanka. Ya yi gyaran murya zai fara bayani, Baffa ya tare shi.

"Ai katako ne tsakaninmu, Alhaji, na ji komai. Kuma duk abin da ta faɗa haka yake, ni na koya mata. Zancen wuƙa ne kawai ta yi kuskure. Ni nake wasa wa babanta wuƙa, ba ya yarda kowa ya taɓa."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Ranar da na zo," ya ci gaba, "na ce a bar ni in haɗa tukuba a baya, ka ce hayaƙi zai ɓata fenti, kuma matan manya ba sa son warinsa a mayafi. Na ce a yanka da safe, ka ce firji ya fi sauƙi. Mai neman abinci ba ya musu da mai gida."

Na yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. "Alhaji, amma fa yajin ya yi daɗi sosai..."

"Yajin ma na leda ne, Uwata," in ji Baffa. "Kada ki ƙara da ƙarya."

Alhaji bai sallame shi ba, har haƙuri ya ba shi. Baffa ne da kansa, da wata ya ƙare, ya ninke farar rigar ya ajiye ya koma Maigatari. Ya gaya wa Inna cewa da yana jurewa ne don babu wanda ya san shi a wurin. Amma naman da 'yar yayansa ta kushe, hannunsa ba zai ƙara miƙa wa wani ba. Yanzu sai in ana suna ko biki ake kiransa ya yi gashi, sauran kwanakin yana zaune a ƙofar gida. Alhaji kuwa ya ɗauko mutumin Kano, yana nan yana gashi a kan gas ɗin nan dai.

Na je har gida na ba Baffa haƙuri, ina kuka. Ya ce, "Me kika yi? Gaskiya kika faɗa." Wannan ita ce kalmar da ta fi yi mini ciwo a duk lamarin, don na gane ana iya faɗin gaskiya tsaf a kashe wa mutum wuta.

Shi ya sa yanzu, in aka miƙo mini abinci aka ce, "Malama, ya kika ji shi?" sai na fara tambayar wa ke madafa. In ba a gaya mini ba, sai in ce Allah ya yi albarka, in yi maza in cika bakina da wata lomar kafin ilimina ya samu hanyar fita.