Nomau da Mutumin da Aka Bari a Sama

Da na dawo Kukar Maje bayan shekarun da na yi ina dako a tashar jiragen ruwa ta Ikko, na tarar an sare tsamiyar da muke zama a gindinta, an kafa tankin ruwa mai dogayen ƙafafu a wurin. Rijiyar bakin kasuwa ta rufta. Ɗakina ya zama ma'ajiyar albasa. Abokaina biyu sun yi aure sun ajiye tumbi, ɗaya ya rasu, sauran suna kudu. Yaran da na bari suna rarrafe su ne ke tambayata gidan wa nake nema. Sannan wani mai suna Jatau ya buɗe gidan kallo a bayan kasuwa, rumfar kwano da zana, da bencina, da ƙatuwar talabijin, da farantin sola a kan rufi.

Nomau ne kaɗai na samu yadda na bar shi.

Sa'ana ne. Yana zaune da mahaifiyarsa, Inna Kande, su biyu a ƙarshen gari, sai wata gurguwar akuya. Bai yi aure ba, ba a kuma barinsa a gona shi kaɗai, domin in ka ce ya bi kunya har ƙarshenta, sai ka tsince shi yana nome wa maƙwabci. Abin da aka gaya masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari, shi ya sa ba mai son zama da shi a majalisa. Jatau ya ɗauke shi shara da jera benci, ladansa kuwa wurin zama a ƙarshen bencin baya. Inna Kande ta gaya mini cewa tun rasuwar mahaifinsa, nan ne kaɗai inda Nomau ke zama kafaɗa da kafaɗa da mutane. In Jatau ya kore shi, sai dai ya koma hira da akuya.

Abin da garin ke kallo a lokacin wani dogon shiri ne mai fassarar Hausa, wanda direban motar kasuwa ke kawo wa Jatau a memori, kashi ɗaya duk mako. Labarin wasu mutane ne da duniyarsu ta ƙone, suka shiga wani ƙaton jirgi suna yawo cikin taurari suna neman inda za su sauka. Ba wanda ya riƙe sunayensu. Matar da ke ba da umarni ana ce mata Kyaftin, dogon da ke gyaran inji kuma Injiniya. Ana nunawa bayan la'asar, a toshe ƙofa da buhu don a samu duhu. Ni ma a bencin baya nake zama, kusa da Nomau, domin ba wanda ya matsa mini a gaba.

Wata rana, farkon damina, Jatau zai tafi ɗaurin aure, ya ce wa Nomau ya kula da farantin sola, kada ya bari inuwa ta taɓa shi, domin batir ya cika kafin la'asar. Nomau ya hau rufi ya zauna. Da hantsi wani gajimare ya taso daga gabas. Nomau ya dubi inuwarsa tana rarrafowa ta kan gonaki, ya kwance farantin, ya ɗora a ka, ya sauko ya kama gudu yamma. Duk inda rana ta rage nan yake nufa. Masu noma suka ga ƙarfe na walƙiya yana ratsa gero, wasu suka jefar da fartanya. Da la'asar mutane suka cika rumfa, talabijin ta ƙi ko tari. Sai gab da magariba Nomau ya dawo daga ƙauyen gaba, ƙafafunsa duk ƙaya, ya ajiye farantin gaban Jatau.

"Maigida, ko sau ɗaya ba ta taɓa shi ba."

Jatau ya ce darajar Inna Kande ce kawai ta sa bai sallame shi ba.

Ana nan aka kawo kashin ƙarshe. Har mata suka cika bayan zana suna leƙe. Injin jirgi ya lalace, Injiniya ya fita waje ɗaure da igiya a ƙugu don ya gyara. Ya gyara kuwa, amma kafin a jawo shi sai ga ruwan duwatsu ya nufo jirgin. Kyaftin ta ce a yanke igiyar. Jirgi ya tsira. Aka nuna Injiniya yana ƙanƙancewa cikin baƙin sarari, hannunsa a miƙe, har ya zama ɗigo. Sai rubutu ya fara hawa. Direba ya ce ci gaban sai baɗi, in ma za a yi.

Kafin a kai bakin ƙofa gari ya rabu biyu. Wasu suka ce Kyaftin ta ci amana, mutum ya yi maka aiki ka yanke masa igiya. Wasu suka ce ran mutum ɗaya ba ya rinjayar na jama'a, kuma duk mai zaginta bai taɓa riƙe ko gida ba. Mai shayi ya rantse ba zai sake kallon komai ba. Wani tela ya ce shi ya san Injiniya bai mutu ba, domin ba a nuna gawa ba. Nomau bai bi su waje ba. Ya tsaya yana kallon baƙin gilashin har aka kashe fitila.

Wata rana, washegarin wannan, Malam Zubairu na makarantar firamare ya dawo daga ta'aziyya. Bai ga ƙarshen ba, Jatau kuma ya ce sai jibi zai sake nunawa. Malam ya ga Nomau a tasha, ya ce masa cikin raha ya taimake shi kada ya bari kowa ya gaya masa yadda aka ƙare. Nomau ya samo gwangwanin madara da ƙusa, ya bi bayansa. Duk wanda ya buɗe baki wajen Malam, sai ya kama kaɗawa. Mai nama ya yi gaisuwa, gwangwani. Dagaci ya yi masa ta'aziyya, gwangwani. Matar Malam ta biyo shi har bakin makaranta tana ta magana da hannu, bai ji ko kalma ba, ashe tumakinsa ne suka shiga wake a gonar surukinsa. Da yamma Malam ya juyo, idonsa ja, ya ce ya isa haka, ya sallame shi.

Nomau ya sauke gwangwani, ya yi ajiyar zuciya. "To alhamdu lillahi, Malam. Duk yinin nan ba wanda ya samu ya gaya maka an yanke wa Injiniya igiya."

Malam ya kai ƙara wurin Jatau. Jatau ya ce saura kaɗan.

Wata rana Ladidi mai ƙosai tana gardama da masu saye, ta ce ita abin da ke damunta, bawan Allah nan yana can shi kaɗai ba ci ba sha, ai ya kamata a samu mai tausayi ya kai masa ko loma ce. Nomau na tsaye. Daga ranar, duk tuwon da Inna Kande ta zuba masa sai ya rufe da faifai, ya hau tsanin tankin ruwa, domin nan ne ƙarshen tsawo a garin, ya ajiye a sama ya sauko. Da safe ya hau ya ɗauko kwanon a suɗe. Ni na gane, domin ba ni da aikin yi sai zama a inuwar tankin. Na ga hankaki suna taruwa tun kafin ya gama saukowa. Na ga kuma wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu.

Na tambaye shi ko Injiniya na ci.

"Yana cinyewa tas, Sallau. Sai dai ba ya magana. Ka san wanda ya daɗe shi kaɗai, baki ke yi masa nauyi."

Na so in gaya masa zancen hankaki, sai na kasa. Na fara sayen ƙosai muna ci tare a ƙarƙashin tankin. Inna Kande ce ta gano daga baya, ta ce masa ta ji labari Injiniya ya ɗauki azumi, sannan aka huta.

Gardama kuwa ba ta mutu ba. Ranar da aka sake nuna kashin ƙarshe, wani ɗan acaɓa ya mari ƙanin tela, aka karya benci ɗaya. Shi ne wata rana Jatau ya ce wa Nomau daga yau kada ya bari mutanen Kyaftin su zauna kusa da mutanen Injiniya. Nomau ya tsaya bakin ƙofa yana tambayar kowa na wa ne shi. Wanda ya ce shi ƙwallo ya zo kallo, ba ruwansa da kowa, sai ya hana shi shiga, tunda ba a faɗa masa inda zai ajiye irinsu ba. Da aka tashi bai tsaya nan ba, domin Jatau bai ce a rumfa kaɗai ba. Ya je teburin mai shayi ya shiga tsakanin wa da ƙani. Ya je wurin suna ya ɗage wa wani dattijo tabarma. Da farko dariya ake yi. Amma tunda ya riƙa nuna kowa da ɓangarensa a bainar jama'a, sai tsofaffin rigingimu suka samu riga: rikicin iyakar gona, da auren da aka fasa, da maganar da aka faɗa shekarun baya. Mutane suka daina zuwa kallo don kada su haɗu. Na sha shiga in tarar daga ni sai Nomau, ya share ƙasa tsaf, ya jera bencina, muna kallon 'yan ƙwallo suna gudu ba mai yi musu ihu.

Wata rana Jatau ya sauke talabijin ya naɗe ta da bargo, ya ce gobe motar kasuwa za ta kai ta birni a sayar. Nomau ya tambaye shi yaushe zai zo shara. Jatau, ransa a ɓace, ya ce ranar da ya kira gayya aka jawo Injiniya daga sama, ranar ya zo.

Nomau ya san yadda ake kiran gayya, ya ga mahaifinsa na yi. Ya je wurin Baba Cindo, Sarkin Noma, ya durƙusa ya ajiye goro, ya ce yana neman jama'a gobe da hantsi, kowa ya zo da igiya. Baba Cindo kunnensa ya yi nauyi, ga shi bai taɓa shiga gidan kallo ba. Ya ji ana zancen mutum ya maƙale ana son a jawo shi, ya karɓi goro ya sa aka yi shela. Inna Kande ta ga abu ya kai haka, ta ce ba za a ce ɗanta ya kira gayya ba abinci ba, ta auno sauran geronta ta dama kunu.

Dariya ce ta kawo yawancinsu, amma sun zo, kuma da igiyoyi: ta guga, ta ɗaure shanu, ta shanya. Nomau ya ce a ƙulla su wuri ɗaya. Mutanen Injiniya suka ƙulla tasu, Nomau ya duba sama ya ce ba za ta kai ba. Dole aka haɗa da ta mutanen Kyaftin. Ɗan acaɓa ya riƙe baki ɗaya, ƙanin tela ya ɗaure, suna zagin ƙullin juna. Aka ja igiya daga rumfa, ta ratsa kasuwa, ta wuce makaranta. Nomau ya ba ni ƙarshenta, ya ce in yi ta tafiya da ita tunda ni na saba da nisa. Na tsaya can bakin titi ni kaɗai, ina jin hayaniyarsu ƙasa-ƙasa, igiyar na motsi a hannuna duk lokacin da wani ya ja.

Daga baya na ji cewa a nan ne aka fahimtar da Baba Cindo ko wane ne ake shirin jawowa. Bai yi dariya ba. Ya ce shi dai ya ci goro, an sha kunun tsohuwa, kuma tun kakanninsa ba a taɓa watse gayya ba a yi aiki ba. Ya ɗaga kai ya ga rumfar Jatau ta karkace, zana ta zube, ya ce ga aiki nan. Kafin azahar an miƙe ginshiƙai, an ɗaure zana da igiyoyin, an gyara bencin da aka karya. Da aka gama, gajiya ta zaunar da kowa inda ya samu, ba wanda ya tambayi na kusa da shi na wa ne. Tela ya ce tunda an zauna, a sa musu tun daga kashi na farko, shi yana son ya nuna wa mutane inda aka yi alamar Injiniya ba zai mutu ba. Jatau ya tashi ya kwance bargo. Ya dubi Nomau ya ce gobe ya zo da wuri, ƙasar nan duk ɓawon rake ce.

Ni ba wanda ya tuna ya kira ni. Sai da na ji igiyar ta saki gaba ɗaya na gane an kwance ta daga can, na naɗo guntun da ya rage na dawo.

A makon nan wani abokina ya kira daga Fatakwal, ya ce ana ɗaukar masu lodi. Na fitar da kayana daga cikin albasa na shanya su sha iska. Ina cusa su a jaka Nomau ya shigo, riƙe da guntun igiyar nan, ya ce Inna ta ce ya taya ni ɗaure kaya. Ya ɗaure jakar tam, ya bar dogon saura, ya naɗe shi a hannunsa ya tsaya.

Na ce ya yanke, mota za ta tashi.

"Can inda za ka, Sallau, wa zai riƙe maka ɗaya bakin?"

Na ce akwai mutane da yawa a can. Ya ce ba yawansu ya tambaya ba.

Na sunkuya ina neman takalmina a ƙarƙashin gado, na daɗe ina nema, alhali ina ganinsu. Daga tasha direba ya fara danna oda. Nomau na tsaye a bakin ƙofa, bai saki igiyar ba.