Ranar da Na Kama Alhaji da Muciya

Farkon zuwana birnin Greensboro a ƙasar Turawa, da littattafan binciken laifi na koyi Turanci, irin waɗanda wata tsohuwa da karenta suke gano ɓarawo tun 'yan sanda ba su iso ba. Na karanta su har na ɗauka ni ma na ƙware. Dokar ɗaya ce: duk wanda kare ya yi wa haushi, shi ne mai laifi.

Wata rana da la'asar karen maƙwabta ya dinga haushi. Na leƙa, sai ga wani dattijo yana kokawa da tagar Hajiya Rabi, maƙwabciyata 'yar Maraɗi. Na fita da muciya, na cafke rigarsa.

"Na daɗe ina lura da kai," na ce da Turanci, kamar yadda ake faɗa a littattafan.

Ya amsa da Hausa: "'Yata, gidana ne. Makulli na manta a ciki."

Ashe mijin Hajiya ne, direban babbar mota da kullum yake kan hanya, shi ya sa ban taɓa ganinsa ba. Karen kuwa, ko iska ta kaɗa sai ya yi haushi.

Har yau in Alhaji ya hango ni daga ƙofarsa, sai ya ɗaga hannu biyu: "Sufeto, an ba ni izinin shiga?"