Sabon Shigan Da Na Mayar Ɗan Dako

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaisuwa Sandamu ba, kuma ko na so in manta, akwai mutanen da suka ɗauki nauyin tuna mini duk bayan sallah idan an taru a gida.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Daura, kuma ba yabon kai ba, an san ni da ladabi. Ni ne mai sauka daga mashin don in gaida dattijo. Ni ne mai magana ƙasa-ƙasa har sai an ce, "Malam ɗaga murya mana." Tsofaffin unguwarmu da ni suke yi wa 'ya'yansu gori. Abin da ba su sani ba shi ne, da an idar da la'asar nakan zauna a bencin shagon abokina Nura mai gyaran waya, can ta wajen Kusugu, in soka iyafis a kunne, in rikiɗe in koma wani mutum daban da ake kira Kyaftin.

Gem ne na yaƙi da ake bugawa a waya. Ku huɗu za ku haɗa ƙungiya, jirgi ya zubo ku a wani tsibiri tare da wasu ƙungiyoyin daga ko'ina a duniya, ku bi gidaje kuna tsintar bindiga da harsashi da magani, wanda ya rage a raye shi ya ci. Kuna wasa kuna jin muryar juna. Na shekara uku a ciki, don haka ina cikin waɗanda ake ce wa tsofaffin hannu, kuma mu tsofaffin hannu muna da dokokinmu. Sabon shiga shi ke ɗaukar kayan kowa a jakarsa. Shi ake turawa gaba ya leƙa lungu, idan an harbe shi mun gane inda abokan gaba suke. Idan ya faɗi, ba a komawa ɗaga shi. Babbar dokar kuwa ni na ƙirƙiro ta da bakina: a filin nan babu babba sai wanda ya riga shigowa. (Har alfahari nake yi da ita, ina maimaita ta kamar karatun allo.)

To, a daidai wannan lokacin nake neman auren Bilkisu. Manyana sun je, mahaifinta ya karɓe su hannu bibbiyu, amma ya ce maganar tana hannun ƙaninsa da ke Sandamu, malamin dabbobi ne, shi ne waliyyin 'ya'yan gidan, kuma shi zai yi bincike a kaina kamar yadda aka saba. Bilkisu ta gargaɗe ni cewa Baffa ba ya wasa da bincike, ya taɓa mayar da wani ɗan kasuwa mai mota biyu saboda ya ga yadda yake yi wa direbansa tsawa. Na yi dariya. Wa zai tambaya? Liman? Hedimasta? Mai shayin bakin layi? Duk wanda ya tambaya, alheri zai ji. Ban taɓa ganin Baffan ba, amma har tausayinsa na ji, zai ƙona mai a banza.

Ana nan sai na huɗunmu ya tafi bautar ƙasa, muka rage ni da Nura da Bashir, wani abokin zaman bencinmu. Nura ya ce akwai wani mutuminsa da yake son koyo, daga gida zai riƙa shigowa, "amma don Allah Kyaftin a bi shi a hankali." Na ce ya kawo shi, daman muna buƙatar ɗan dako.

Ranar farko, muna cikin jirgi, kowa yana duba inda za a dira, sai muka ji wata murya mai kauri cikin natsuwa: "Salamu alaikum. Ina wuninku? Ya aiki? Ya mutanen gida? An samu ruwa kuwa wajenku?" Kafin ya gama tambayar ruwa mun wuce inda muka yi niyyar sauka. Na ji sarai muryar ba ta yara ba ce. Amma ai akwai doka, kuma ni na kafa ta.

Muna sauka na tura shi wani gida ya kwaso mana harsashi. Shiru, shiru. Na waiga sai na hango shi tsaye ƙiƙam a bakin ƙofa.

"Kai me kake jira?"

"Na yi sallama ne, ban ji an amsa ba."

Bashir ya faɗo daga benci don dariya. Nan take na raɗa masa suna Malam Sallama, sunan kuma ya bi shi. Da aka kashe Bashir na ce ya kwashe kayan da ya bari, sai ya ce, "Kayan mamaci? Ba za a jira magada ba?" Har yau ban san ko da gaske yake ko shaƙiyanci ne ba, don muryarsa ba ta canzawa.

Mako uku muka yi da shi, kuma a mako ukun nan babu abin da ban faɗa wa bawan Allahn nan ba. Na ce yatsunsa duk manya ne. Na ce ya mayar da wayar ya karɓo rediyo. Idan ya harbi bango maimakon mutum, sai in ce a yi wa bangon jaje. Ranar da ya jefa gurneti ya dawo kanmu, na daka masa tsawar da ta sa mai sayar da rake ya leƙo shagon: "Wallahi Malam Sallama ko tinkiya ta fi ka dabara!" Shi dai amsarsa ɗaya ce: "To Kyaftin, a yi haƙuri, za a gyara." Duk lokacin da na buɗe baki, Nura sai ya kama tari, ko ya taka mini ƙafa. Na ba shi shawarar ya nemi maganin tari, kuma ya riƙa kallon inda yake ajiye ƙafarsa.

Sau ɗaya tak na karya doka. Mun kusa cin wasa, saura ƙungiya biyu, aka harbe Malam Sallama a fili, yana jan ciki yana cewa, "Ku tafi kawai, kada ku damu da ni." Na bar maɓoyata na ruga na ɗaga shi, ina ɗagawa ina zaginsa, harsashi yana zuba a kanmu. Muka tsira da ƙyar. (Kada mai karatu ya yi saurin yaba mini. Harsashina kaf yana cikin jakarsa.)

Ana haka sai saƙo ya zo cewa Baffa yana son ganina ranar Asabar da hantsi. Na sha guga, na sa hula ƙube sabuwa, na fesa turare har mashin ɗina ya ɗauka. Nura ya ce zai raka ni tunda ya san gidan, ta wajen mahaifiyarsa akwai dangantaka. Ko wannan bai sa na yi tunanin komai ba. A hanya yana bayana yana ta cewa, "Ka dai yi ta addu'a," ni kuwa ina ta bitar gaisuwa a raina.

Muka isa, muka yi sallama, aka shigar da mu zaure. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a gefen tabarma, na sunkuyar da kai kamar wanda ba ya iya kashe sauro. Na ji takun mutum ya fito daga cikin gida, ya zauna a kujera. Sai wata murya mai kauri ta ce cikin natsuwa:

"Sannunku da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen gida? An samu ruwa kuwa wajenku?"

Na ce a raina muryoyi suna kama, Allah mai iko. Na amsa da 'yar siririyar muryata ta gaban manya, "Lafiya lau Baffa, Allah ya ƙara girma."

"Ɗaga murya mana, Kyaftin. Na san kana da ita."

Ban san lokacin da na zame daga durƙuso na zauna daɓas ba. Na ɗago ido kaɗan. Dattijo ne fari siriri mai furfura a gemu, da tabarau, ga waya a kan cinyarsa, iyafis naɗe a jikinta. Na juya wajen Nura, na tarar ya ƙura wa rufin zauren ido kamar an ba shi kwangilar gyara shi. Gumi ya karyo mini tun daga ƙarƙashin sabuwar hular, turaren nan duk ya bi ruwa.

"Na tambayi liman," in ji Baffa, "ya ce ba ka da na biyu. Hedimasta ma haka. Kowa na tambaya sai ya ce yaron kirki ne, yana girmama na gaba da shi. Na ce to madalla, amma ni 'yar da zan ba shi ba ta gaba da shi ba ce. Sai Nura ya ce mini akwai wurin da kai ne babba. Shi ne na ce ya sa mini abin a waya in je in gani."

Sai na ce, "Baffa... sabis ne..." (Har yau ban san laifin da na so ɗora wa sabis ba.)

"Maganar tinkiya kuwa," ya ci gaba, "ka yi gaskiya. Tun kafin a haife ka nake duba tumaki, akwai masu dabara sosai a cikinsu."

Nura ya kasa daurewa, ya fita waje da gudu, ina jiyo shi yana shaƙewa a bayan katanga. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Sai Baffa ya cire tabarau, muryarsa ta sauka. "Ɗana, ba zagin ne ya dame ni ba, na ji wanda ya fi shi a bakin masu shanu. Bilkisu nake tunani. Ranar da za a kai ta gidanka, ita ma sabuwar shiga ce. Ba ta san inda ake ajiye komai ba, ba ta san halin mutanen gidanku ba, za ta yi kuskure, wani ma ta maimaita shi sau uku. Kai kuma ka riga ta shigowa. Haka za ka yi mata?"

Wannan ta fi tinkiyar zafi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma tsoro ya kama ni sosai, don na ga Bilkisu tana suɓuce mini saboda bakina. Na ce, "Baffa na yi kuskure, ba ni da abin cewa. A yafe mini." Idona har ya kawo ruwa.

Sannan ya ce, "Abu ɗaya ya hana ni rufe maganar tun makon jiya. Ranar da na faɗi a fili, ka dawo ka ɗaga ni."

Shaiɗan ya ce in yi shiru in karɓi ladan. Amma na riga na tozarta, ƙarya ba za ta ƙara mini komai ba. Na ce, "Baffa, gaskiya harsashina ne a jakarka."

"Na sani. Amma da ka bari na ƙarasa mutuwa, ai da kayan sun zube ka kwashe abinka ba wahala. Ka zaɓi ka ɗaga ni."

Na gyaɗa kai cikin ladabi. (Tsakanina da mai karatu: wallahi dabarar ce ba ta zo mini ba a lokacin. Wannan kam ban faɗa masa ba, gaskiya ma tana da iyaka a rana ɗaya.)

Bai ba ni amsa ranar ba. Ya ce in koma in koya masa wasan nan tun daga farko, yadda nake koya wa 'yan aji ɗaya baƙi da wasali, zai ga ko malamin safe da na yamma za su iya zama mutum ɗaya. Wata guda na yi ina cewa, "Baffa a ɗan matsa hagu, Allah ya ƙara girma," "Baffa wannan bango ne, amma harbin ya yi kyau." Bashir ya ce bai taɓa ganin yaƙi mai ladabi irin wannan ba. Bayan wata guda Baffa ya aika wa manyana su zo a sa rana.

Yanzu shekararmu huɗu da Bilkisu. Ranar da ta fara sa mini gishiri a koko a zaton sukari ne, na shanye tas na ce za a gyara. Baffa kuwa bai bar gem ba, ya ma ƙware, shi ne kyaftin ɗinmu na ranar Asabar. Ni ke ɗaukar kaya, ni ake turawa leƙen lungu, kuma tunda suruki ne ba ni da bakin magana.

Abin da na koya shi ne, duk sabon shigan da ya yi mini sallama a filin nan, ina amsa masa har da wa barakatuhu, in tambaye shi ruwa, in karɓi jakarsa in riƙe masa. Ba wai na zama waliyyi ba ne. Ina da ƙanne maza uku da ba su yi aure ba, kuma ban san baffan budurwar wa zan sake turawa gaba ba.