Zaibar Tamba da Shinkafar Suna

Ga ta nan, ga ta nanku. Tun da kun ce ta zo ku ji ta, to ku gyara zama, ga ta tafe.

"Ni Tamba, in dai ina cikin Argungu, zazzaɓi ba shi shiga unguwar ga sai ya biyo ta ƙohwata ya yi sallama."

Da wannan maganar Tamba yake buɗe kowace hira a bakin masallacin unguwarsu, a zamanin da Argungu da Birnin Kebbi suke cikin Jihar Sakkwato. Kada ku ɗauka ya yi karatun likita. Manomin albasa ne. Abin da ya faru shi ne, wata shekara wansa ya kwanta a asibiti a Birnin Kebbi, aka tura Tamba jinya. Ya shimfiɗa tabarma a gefen gado yana kallon yadda ma'aikata suke aiki. Wan ya warke ya dawo gida da sanda, Tamba kuma ya dawo da ilimi. Kafin ya hau mota ya shiga kantin magani ya sayi ma'aunin zafin jiki, ɗan siririn gilashin nan mai zaiba a ciki, ya soke shi a aljihun gaba inda wasu suke soke biro.

Tun daga ranar babu hammatar da ta tsira a unguwar. Ya auna ladan. Ya auna mai nama yana tsaye a gaban tukuba, ya ce masa ya fara tunanin wasiyya. Lambobin da ke jikin gilashin ba su dame shi ba. Shi dai ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya, ya girgiza kai. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne yarfe ma'aunin kafin a sake awo. Ma'aikatan asibiti da wuyan hannu suke yarfewa. Tamba tun daga kafaɗa yake ɗaukowa, kamar masunci mai jefa birgi a gulbi. Mutanen unguwa suka sa masa suna Likitan Hammata. Shi kuma rabin farko kawai yake ji.

Ana nan sai 'yarsa Baiwa, wadda take aure a Zauro, ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, aka sami ɗa namiji. Uban mijinta, Malam Dikko, babban manomin shinkafa ne. Ya aiko da buhu guda na wadda ya fi ji da ita, da saƙon cewa a tuƙa wa baƙi, shi da mutanen Zauro suna nan tafe ranar suna. Ku kuwa kun san ƙasar nan. A yi suna babu tuwon shinkafa, magana ce da za a yi ta yi har yaron ya yi gemu.

Ana gobe suna, da hantsi, matar Tamba, Laure, ta ɗebo kwano kaɗan daga buhun ta baza a tabarma tana tsintar tsakuwa. A cikin ɗakin mai jego ta baza, saboda kajin gidan ba su da kunya, kuma tana taya 'yarta hira. Baiwa fitowarta ke nan daga wankan jego, jikinta har tururi yake. Ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gado, ga asabari a sake, jariri yana barci.

Sai ga Tamba ya yi gyaran murya ya shigo.

Laure ta ce, "Maigida, ɗakin mai jego na hwa."

"Likita ba shi da shamaki. Ke, ɗaga hannu."

Baiwa ta ce, "Baba, yanzu niy yi wanka da tahwasasshen ruwa. Dole jikina shi yi zahi."

"Wanka daban, zazzaɓi daban. Ɗaga."

Ta ɗaga. Ya auna, ya duba, ya kanne ido, ya girgiza kai.

"Ya hau."

Laure ta ce, "Ya kai ina?"

"Ya kai inda yak kai. Bari in sake, don a tabbata."

Ya ja da baya, ya ɗauko hannu tun daga kafaɗa, ya yarfe. Ma'auni ya gamu da ƙarfen gado. Tas!

Ɗigon zaiba ya faɗo a kan sumunti, mai sheƙi kamar idon kifi, ya ɗan gangara ya tsaya. Duka ɗakin aka zuba masa ido.

Tamba ya ce, "Kada kowa shi motsa. Wagga na san ta."

Ya durƙusa ya kai yatsu biyu zai tsince ta kamar ƙwayar gero. Ta sulluɓe ta rabu. Ya bi ɗaya, ita ma ta rabu.

Laure ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Ita ma ta haihu. Sai a haɗa sunan gobe."

"Miƙo man tsintsiya."

Tamba bai taɓa shara ba tun da aka haife shi, don haka ya zuba ƙarfin shekarun nan duka a wannan. Kafin ya miƙe, zaiba ta zama gari. Wasu sun shige tsagar sumunti, wasu ƙarƙashin gado, mafi yawa kuwa suka yi tsalle suka faɗa cikin shinkafar da ke kan tabarma.

"Maigida, ta shiga shinkahwa."

"Ni nik kora ta can. Nan ta hi sauƙin kamu."

Laure ta ce to a zubar da ta kan tabarmar, ai sauran buhun yana nan lafiya. Tamba ya dube ta irin duban da malami yake yi wa wanda ya yi tambayar banza. Ya ce ɓarna ba ta cikin aikin likita. Zaiba abu ne mai nauyi, in aka ba ta wuri da kanta za ta sauka ƙasa. Ya naɗe tabarma, ya juye shinkafar cikin buhu, ya kama bakin buhun ya jijjiga shi sosai, ya kwantar, ya mirgina, ya tayar.

"Yanzu duk tana gindin buhu."

Ya zura hannu har kafaɗa ya laluba. Babu komai a gindin buhu sai shinkafa.

"To, saura rege," in ji shi. "Yadda kuka hidda tsakuwa, haka za ni hidda ta."

Ya jawo buhu tsakar gida. Ya ce a ba shi babbar ƙwaryar Laure, wadda ta zo da ita tun aurenta. Ya naɗe hannun sabuwar rigar da ya ɗinka don suna, wadda ya sa tun yau don ta saba da jikinsa. Ya zuba shinkafa, ya zuba ruwa, ya shiga juya ƙwarya kamar mai tuƙa kwalekwale. Ruwa ya zuba a riga, ya zuba a takalmi. Can ya leƙa gindin ƙwarya, ya ga yashi da wani ɗan abu mai ƙyalli wanda bai kai kan allura ba.

"Ga ta! Na kama shugabarsu."

Laure ta ce, "Mabiyan hwa?"

"Suna tahe."

Da ya ga rege zai kai shi kaka, sai ya bar buhu a jiƙe ya koma kan waɗanda suka rage a ɗaki. Nan ne babbar dabara ta zo masa. Duk abin da yake gudu kamar ruwa, in ji shi, maganinsa wuta. A ƙara garwashi a ɗakin, a rufe ƙofa da taga, zuwa la'asar ta bushe ƙaf. Mai jego ma ta ƙaru da ɗumi, jariri ya yi ƙwari. Ya cika kasko da jan garwashi daga murhun ruwan wanka, ya ɗauko da tsumma, ya nufi ɗaki.

A daidai nan aka yi sallama. Ƙanwarsa ce Maryamu, nas a Birnin Kebbi, ta sauko daga mota da jakarta ta zo suna. Ta dubi buhu, ta dubi ƙwarya, ta dubi wanta da kasko.

"Yaya, mi ka hwaruwa?"

"Ɗan aiki na na likitoci. Ma'auni yah hwashe, za ni busar da zaibar."

"A ina yah hwashe?"

"Ɗakin mai jego."

Maryamu ta yar da jaka. Ba ta gaisa da kowa ba. Ta faɗa ɗakin ta fito da jariri a hannu, Baiwa a bayanta tana gyara zane. Ta miƙa wa Laure yaron ta ce su wuce ɗakin da ya fi nisa. Ta koma ta fitar da kaskon ƙarƙashin gado, ta yaye asabari, ta buɗe taga.

"Yaya, aje wutar ga. Zaiba ba ta bushewa, tashi takai ta bi iska. Ba ta da wari, ba ta da hayaƙin da ido ka gani. In ta ji zahi ta hi tashi, mutum shi shaƙe ta, ta taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, hannu shi kama rawa. Kai babba kana iya tsira. Jinjirin ga da uwa tai kaka so ka ruhe da ita?"

Tamba ya ajiye kasko a hankali.

"Abin da nike shirin hwaɗi ke nan," in ji shi.

Maryamu ta ce, "Wa yas share ta?"

Laure dai ta dubi sama.

Maryamu ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta yagi kwali biyu, ta karɓi tocila tana haska ƙasa don ta ga ƙyallin. Tana turo ƙananan da kwali har su haɗu, ta zuƙe su da sirinji marar allura, ta zuba a kwalba mai ɗan ruwa, ta toshe. Ta daɗe a durƙushe. Da ta fito ta ce da an bar ɗigon inda ya faɗi, da tuni an gama, kwali biyu da kwalba kawai. Yanzu kuwa ɗakin sai ya sha iska kwana da kwanaki kafin mai jego ta koma. Sannan ta shiga nuna abubuwan da za su bar gidan: tsintsiya, tabarma, ƙwarya, takalmin Tamba, rigar Tamba.

Laure ta ce a sanyaye, "Shinkahwar hwa?"

"Ita ta hwarko."

Tamba ya ce a wanke ta a dafa, ai wuta tana kashe komai. Maryamu ta ce ba ƙwayar cuta ba ce. Ya ce to a ba kaji. Ta ce wa zai ci kajin? Ya ce a zuba a gulbi. Ta tambaye shi ko yana so ya zama mutumin da ya ba kifin Argungu zaiba. Ya ce a ƙone. Ta nuna masa kaskon da ya ajiye.

Laure ta ce bari ta leƙa maƙwabta, kowa ya ba da kwano ɗaya, a rufa asiri.

Tamba ya ce, "A ji Likita shina roƙon shinkahwa? Ba a gidan ga ba. Akwai dawa a rumbu. Kuma kada maganar ga ta hita."

Maganar ba ta fita da baki ba. A amalanke ta fita. Da la'asar duba-gari suka zo bisa kiran Maryamu, suka ɗaure kayan suka bi da su ta gaban masallaci, buhun Malam Dikko a ƙasa, takalmin Likitan Hammata a sama. Shi kuma yana zaure a zaune da tsohuwar taguwar zuwa gona.

Washegari mutanen Zauro suka iso. Aka raɗa wa yaro suna Usmanu, aka yanka rago, aka yi addu'a. Sai aka fito da akussa aka jera. Malam Dikko ya buɗe na gabansa. Tuwon dawa, ja wur. Ya daɗe yana kallonsa. Ya rufe, ya sake buɗewa, ko zai canza.

"Malam Tamba, shinkahwar tawa ta yi ja a hanya?"

Tamba ya gyara zama. "Shawarar likitoci ta. Shinkahwa tana sa ma mai jego sanyi."

Malam Dikko ya dubi dattawan da ya zo da su ɗaya bayan ɗaya, masu furfura da masu sanda.

"Ashe duk mun haihu," in ji shi. Ya yi bisimilla ya sa hannu.

A cikin gida kuwa tsofaffin mata suna zaune da jariri a cinya. Kun san al'adarsu, bayan sunan yanka sai sun ba yaro nasu, gwargwadon abin da ya tarar a duniya. Wanda ya zo lokacin tumu su ce Ci-tumu, wanda ya zo ana roron wake su ce Ci-wake. Wata tsohuwa daga Zauro ta dubi akushi, ta dubi yaro, ta rangaɗa guɗa ta ce, "Barka da zuwa, Ci-dawa!"

Sunan ya zauna daram. Usmanu ba a ƙara jinsa ba sai a makaranta. Yaro ya tashi a Zauro, shinkafa gabas, shinkafa yamma, gidansu ko kaji ba sa kallon dawa. Duk baƙon da ya ji sunan sai ya tsaya ya tambaya, "Kai kuwa, ɗan gidan Dikko, mi yah haɗa ka da dawa?"

Yaron kuma amsa ɗaya aka koya masa, ita yake ba kowa:

"Kakana likita na."

Ƙurunƙus kan kusu, na ajiye ta nan, in ta gangaro wajenku kada ku sa mata tsintsiya.